Zuciya ko Baki: Yadda Amurka da Ingila Ke Tabbatar da Laifin Ƙiyayya

Tabbatar da cewa wani ya doki wani ba ya ba kotu wuya: ga rauni, ga takardar likita, ga shaidun gani da ido. Inda gizo ke saƙar shi ne tabbatar da cewa ya doke shi ne don launin fatarsa ko addininsa. A nan Amurka da Ingila suka raba hanya.

Yawancin dokokin Amurka dalili suke nema. Dole mai gabatar da ƙara ya nuna cewa wanda ake tuhuma ya zaɓi mutumin ne saboda jinsinsa ko addininsa. A 1989, a garin Kenosha na jihar Wiskonsin, Todd Mitchell ya zuga abokansa suka far wa wani yaro farar fata, har ya yi kwana huɗu bai san inda kansa yake ba. Laifin da iyakarsa shekara 2 ne ya koma mai iya kaiwa 7, aka ɗaure shi shekara 4. A 1993 Kotun Ƙoli ta amince da hukuncin baki ɗaya, ta ce 'yancin faɗar albarkacin baki bai hana a kafa hujja da kalaman mutum don gano manufarsa ba. A 2000 kuma, a shari'ar Apprendi, ta ce ba alƙali kaɗai zai yanke batun dalilin ba: sai an gamsar da masu taya shi yanke hukunci, ba tare da sauran kokwanto ba.

To da me za a gamsar da su? Sai a shiga tonon rayuwar mutum. Haka aka yi wa mutum uku da suka kashe Ahmaud Arbery a jihar Jojiya a 2020. A shari'ar tarayya ta 2022 an karanto saƙonnin waya da rubuce-rubucen shafukan sada zumunta cike da zagin baƙar fata, aka same su da laifi. Wannan ya faranta mini rai, amma ya bar ni da tambaya: da sun kasance masu kame baki fa? A garin Chapel Hill, a 2015, wani ya harbe ɗalibai Musulmi uku a gidansu. Bayanin farko na 'yan sanda shi ne rikicin wurin ajiye mota, iyaye suka ce ƙiyayya ce tsagwaronta. A 2019 ya amsa laifin kisa, aka yi masa ɗaurin rai da rai, amma kalmar da iyayen suka fi son ji ba ta shiga takardar tuhuma ba.

Ingila da Wales sun buɗe ƙofa ta biyu. Bayan kisan wani matashi baƙar fata, Stephen Lawrence, a Landan a 1993, dokar 1998 ta ce ana iya bin dalili, amma ya wadatar a nuna cewa mai laifin ya bayyana ƙiyayya yayin aikatawa, ko dab da shi, ko nan take bayansa. An ƙara addini a 2001. Ba a tambayar me ya kawo faɗan. Ko kan mota aka fara, in ya zagi asalin mutum yana dukansa, dukan da iyakarsa wata 6 ne na iya kaiwa shekara 2. A 2007 kotun ƙoli ta lokacin ta tabbatar da hukunci kan wani Rogers, wanda ya zagi wasu mata uku 'yan Sifen da cewa baƙi ne su koma ƙasarsu. Baki shi ke yanka wuya.

Masu sukar wannan hanya suna da abin faɗa. Tana kama mashayi da mai saurin fushi, waɗanda ƙila bakinsu ya fi zuciyarsu muni, tana kuma iya sakin wanda ya shirya mugunta cikin natsuwa ya yi ta shiru. Ban musa ba. Sai dai shi mai shirun ai ƙofar dalili na nan dominsa.

Duk da haka hanyar Ingila na fi yarda da ita, saboda irin shaidar da take kira. Mai shago ya ji, direba ya ji, kyamara ta ɗauka, lauyan wanda ake tuhuma kuma na da damar titsiye kowannensu. Wanda aka zaga ya ji da kunnensa, cutar ta riga ta same shi ko me ke zuciyar mai zagin. Tonon tsofaffin saƙonni kuwa kan karkatar da shari'a daga abin da mutum ya yi zuwa wane irin mutum ne. Kotun Ƙolin Amurka kanta ta ga wannan haɗari a shari'ar Dawson ta 1992, inda ta soke hukuncin kisa domin an gabatar da kasancewar Dawson ɗan ƙungiyar masu fifita farar fata alhali wadda ya kashe ɗin farar fata ce, kuma ba a nuna wata alaƙa tsakanin ƙungiyar da kisan ba.