Ma'aikacin Laburare da Tarihin Daura a Wikipedia

Wikipedia, wadda aka kafa a 2001, kundin ilmi ce da kowa ke iya sa hannu cikinta, amma bisa sharaɗi: kowace magana sai an nuna littafi ko jaridar da aka samo ta. Ma'aikacin laburare kuwa shi ya san inda irin wannan madogara take. Don haka aka fara gangamin 1Lib1Ref a 2016, wato kowane ma'aikaci ya ƙara madogara ɗaya. Daga baya AfLIA, ƙungiyar laburarorin Afirka, ta shirya kwas na koyar da wannan aiki.

A ɗauki Daura misali. Kowa ya san labarin Bayajidda da rijiyar Kusugu, amma ba kowa ya san cewa bayan jihadi sarautar Haɓe ta koma Zango ba, har Turawa suka maido da Malam Musa a 1906. M. G. Smith ya bayyana wannan cikin littafinsa The Affairs of Daura, na 1978. Muddin littafin na ajiye bisa kanta, ɗalibi mai bincike a waya zai haddace abin da ya tarar, ko daidai ko kuskure. Ma'aikacin da aka horar shi zai gyara.