Hazaƙa da Taɓin Hankali a Ma'aunin Malaman Musulunci da Binciken Likitoci

Tsakure

Wannan maƙala ta duba tsohuwar da'awar nan da ke cewa fitacciyar basira da taɓin hankali 'yan gida ɗaya ne. Ta bi sawunta daga Girkawa da Larabawan Jahiliyya zuwa littattafan likitocin Musulmi, sannan ta auna ta da binciken zamani da ƙa'idojin fiƙihu da ilimin hadisi. Abin da ta tsaya a kai shi ne cewa alaƙar tana nan amma ƙarama ce, kuma ciwo yana rage wa mai baiwa aiki ne, don haka neman magani yana cikin kiyaye baiwar.

Gabatarwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

A zaurukan karatu da jami'o'inmu, idan ɗalibi mai kaifin ƙwaƙwalwa ya fara keɓe kansa, ya daina barci, zancensa ya soma warwatsewa, abin da aka fi ji shi ne karatu ya yi masa yawa, ko ya ja wuridi ba da izini ba. Wasu kuma su ɗauki halin a matsayin alamar ya taka wani matsayi da tsaransa ba su taka ba. Waɗannan fassarori duka suna tsaye ne kan zato ɗaya, wato zurfin basira yana tafe da rabonsa na hauka. Zaton yana da illa, domin wanda aka yi wa wannan fassara ba kasafai ake kai shi ga likita da wuri ba. Saboda haka ya dace a tambaya: ina zaton ya samo asali, kuma nawa ne gaskiya a cikinsa?

Asalin Da'awar

A cikin littafin matsaloli da ake jingina wa Arisɗo akwai wata tambaya mashahuriya a kan dalilin da ya sa waɗanda suka yi fice a falsafa da siyasa da waƙa suke zama masu yawan baƙin ciki. Amsar da aka bayar ta ta'allaƙa ne ga wani baƙin ruwa da Girkawa suke zaton yana cikin jiki, wanda likitocin Larabawa suka kira sauda'u daga baya. Kafin nan Aflaɗon ya riga ya siffanta waƙa da cewa wani nau'in hauka ne da ke sauko wa mawaƙi daga waje.

Larabawan Jahiliyya suna da tasu fassarar. Suna ganin kowane babban mawaƙi yana da aljani mai sanya masa baiti a baki. Harshensu ya adana wannan tunani: kalmar majnun da kalmar jinnu saiwarsu ɗaya, ita kuma kalmar abƙari, wadda ake kiran gwanin gwanaye da ita, an jingina ta ne ga Abƙar, wani wuri da suke riya cewa mazaunin aljanu ne. Wannan ya sa mushrikan Makka, da suka rasa yadda za su yi da fasahar Alƙur'ani, suka haɗa wa Manzon Allah (SAW) laƙabi biyu a jumla ɗaya, mawaƙi kuma mahaukaci, kamar yadda aya ta 36 ta Suratus Saffat ta ba da labari.

Alƙur'ani ya rushe wannan haɗi. Aya ta 2 ta Suratul Ƙalam ta kore hauka daga gare shi, aya ta 4 kuma ta shaide shi da girman ɗabi'a. A aya ta 46 ta Suratu Saba'i an umarci masu zargin su tashi bibbiyu da ɗaiɗai su yi tunani a kan mutumin da suka sani tun ƙuruciya. Ma'aunin da aka ba su shi ne daidaiton magana da kyawun hali da tsayuwar aiki. Haka kuma a hadisin mafarkin rijiya da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Annabi (SAW) ya yi amfani da kalmar abƙari ga Sayyidina Umar (RA), mutumin da aka sani da tsayayyen ra'ayi da iya tafiyar da al'umma. Ta haka kalmar ta bar kwarin aljanu ta koma kan cikakken hankali.

Abin da Likitocin Musulmi Suka Rubuta

Ishaƙ ɗan Imran, likitan Bagadaza da ya yi aiki a Ƙairawan a zamanin Aglabawa kuma ya rasu a farkon ƙarni na 10 na Miladiyya, ya wallafa maƙala sukutum a kan malikhuliya, wato ciwon baƙin ciki mai tsanani. Ya ambaci masu zurfafa nazari a cikin waɗanda ciwon kan kama, amma ya danganta hakan ga gajiyar da rai ke yi saboda wuce gona da iri wajen tunani da haddace-haddace. A wurinsa ciwon sakamakon wahalar da hankali ne, kuma abin yi wa magani ne da abinci da barci da motsa jiki da hira mai kwantar da zuciya. An fassara wannan maƙala zuwa Latin a ƙarni na 11, ta yi tasiri a makarantun likitancin Turai.

Abu Zaid al-Balkhi (ya rasu 322H/934M), a littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus, ya raba baƙin ciki gida biyu. Akwai wanda aka san sababinsa, kamar rashin masoyi ko asarar dukiya, wanda nasiha da gyaran tunani suke yi wa amfani. Akwai kuma wanda yake faɗo wa mutum ba tare da wani dalili na zahiri ba, wanda ya ce tushensa a jiki yake, maganinsa ma ta jiki ake farawa. Wannan fahimta ce ta sa manyan asibitocin Musulmi, irin su Bimaristan na Mansuri da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 683H/1284M, suka keɓe sashe domin masu taɓin hankali.

Malamai sun kuma lura cewa ba duk wanda jama'a suka kira mahaukaci ne yake da ciwo ba. Ibn Habib an-Naisaburi (ya rasu 406H) ya tattara labaran irin su Buhlul da Sa'adun a littafinsa Uƙala'ul Majanin, mutanen da ake jifa da hauka alhali maganarsu wa'azi ce ga sarakuna. Masu tarihi sun ruwaito cewa ɗan Khalil ɗan Ahmad ya tarar da mahaifinsa yana yanka baitoci yana auna su, sai ya fita yana shela cewa babansa ya haukace, alhali ilimin aruli ne ake aza wa harsashi. Ibn al-Ƙifɗi kuma ya kawo cewa Ibn al-Haisam, mai Kitabul Manazir, haukan ƙarya ya yi don ya tsira daga Halifa al-Hakim har zuwa ƙarshen mulkinsa a 411H/1021M. Wani kaso na labaran haziƙan mahaukata ke nan, rashin fahimta ne daga masu kallo.

Darasi Daga Rayuwar Imam al-Gazali

Imam Abu Hamid al-Gazali (450–505H) ya ba da labarin kansa a al-Munƙizu minad Dalal. An naɗa shi malami a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza a 484H/1091M, yana karantar da ɗalibai kusan 300. Daga watan Rajab na 488H/1095M ya shiga wani hali na kimanin wata 6: harshensa ya ɗaure har ya kasa ba da darasi, baƙin ciki ya lulluɓe shi, abinci ya daina narkewa a cikinsa. Likitoci suka ce abin daga zuciya ya faro sannan ya sauka ga jiki. A ƙarshe ya bar Bagadaza ya nufi Sham.

Ba daidai ba ne a sanya wa wannan hali sunan wata cuta ta zamani bayan shekaru fiye da 900, shi da kansa ma ya fassara shi da gwagwarmaya tsakanin son matsayi da kiran lahira. Abin lura shi ne jerin abubuwan. Tahafutul Falasifa ya riga wannan hali, Ihya'u Ulumid Din kuma ya zo ne bayan ya samu natsuwa. A tsakiyar tsananin, malamin da Bagadaza take taƙama da shi ya kasa furta darasi guda.

Abin da Binciken Zamani Ya Nuna

Likitan Italiya Cesare Lombroso ya farfaɗo da tsohuwar da'awar a littafinsa na 1864 a kan hazaƙa da hauka, amma hujjarsa tarin labarai ne da ya zaɓa. A 1987 Nancy Andreasen ta buga bincike a kan marubuta 30 na wata makarantar koyon rubutu a Jami'ar Iowa ta Amurka, ta samu kashi 80 cikin 100 sun taɓa fama da ciwon sauyin yanayin rai, alhali a rukunin da aka gwada su da shi kashi 30 ne. An soki binciken da ƙarancin adadi, da kuma cewa mai tambayoyin ta san wane ne marubuci tun kafin ta yanke hukunci.

Binciken da ya fi faɗi shi ne na Simon Kyaga da abokan aikinsa a Cibiyar Karolinska ta Suwidin, wanda aka buga a 2013, ya ƙunshi bayanan marasa lafiya kusan miliyan 1.2 da danginsu. Sun gano cewa masu sana'o'in ƙirƙira a dunƙule, wato masana kimiyya da masu fasaha, ba su fi sauran jama'a kamuwa da cututtukan ƙwaƙwalwa ba, in ban da cutar nan mai kai mutum tsakanin zumuɗi mai tsanani da baƙin ciki mai zurfi. Marubuta ne kaɗai suka fita daban da yawan cututtuka iri-iri. Wani abin da ya fi jan hankali shi ne 'yan'uwan marasa lafiyar na jini sun fi yawa a sana'o'in ƙirƙira. Wani bincike na 2015 a kan mutane kimanin 86,000 a Aisilan ya nuna cewa ƙwayoyin gado masu alaƙa da waɗannan cututtuka suna da ɗan tasiri a kan shiga sana'ar fasaha, sai dai tasirin bai kai kashi 1 cikin 100 ba.

Fassarar da masana da yawa suka karkata gare ta ita ce, kaɗan daga wasu ɗabi'u, kamar saurin haɗa ma'anoni masu nisa da juna, yana taimakon ƙirƙira, amma idan abin ya kai ga cuta sai ya rushe tsari da juriyar da aiki yake buƙata. Masanin lissafin Amurka John Nash misali ne: aikin da ya jawo masa kyautar Nobel a 1994 ya kammala shi tun 1950, ciwonsa ya bayyana a 1959, ya kuma cinye masa shekaru kusan 30 da bai fitar da wani babban aiki a yawancinsu ba.

Ma'aunin Shari'a

Hankali shi ne madogarar taklifi, kuma al-Gazali ya lissafa kiyaye shi a cikin larurori biyar a littafinsa al-Mustasfa. Hadisin ɗauke alƙalami daga mutum uku, wanda Abu Dawud da wasu suka ruwaito, ya sauke nauyi daga wanda hankalinsa ya gushe har sai ya dawo. Wannan rangwame ne da jin ƙai ga mara lafiya, bai ƙunshi zargi ba, bai kuma mayar da ciwon wata daraja ta ilimi ba. Malaman fiƙihu sun bambanta hauka mai ɗorewa da mai zuwa yana tafiya, suka inganta ibada da ma'amalar mutum a lokacin da yake cikin hayyacinsa.

Malaman hadisi suna da ƙa'ida mai kama da wannan a babin ikhtilaɗi. Idan tunanin amintaccen mai ruwaya ya rikice, kamar yadda ya faru ga Aɗa'u ɗan Sa'ib da Sa'id ɗan Abi Aruba, sai a karɓi abin da aka ji daga gare shi kafin rikicewar, a dakata a kan abin da ya biyo baya. Ba su zubar da mutumin gaba ɗaya ba, ba su kuma karɓi komai don girmansa ba. Wannan adalci ne ya kamata a yi wa malami ko marubucin da ciwo ya taɓa.

Kammalawa

Tsakanin hazaƙa da taɓin hankali akwai 'yar alaƙa da bincike ya tabbatar, musamman ga marubuta da cikin dangi, amma mafi yawan haziƙai lafiyarsu ƙalau, mafi yawan marasa lafiya kuma wahala suke sha ba tare da wata baiwa ta musamman ba. Nauyin da ke kan malami shi ne ya lura da almajirinsa. Rashin barci na kwanaki, jin muryoyin da babu su, yanke ƙauna, ko zancen kashe kai, alamu ne na a gaggauta ganin likitan ƙwaƙwalwa, tare da addu'a da ruƙiyya ta shari'a, domin ɗaya bai hana ɗaya ba. Annabi (SAW) ya yi umarni da neman magani a hadisin Usama ɗan Sharik, ya kuma tunatar da Abdullahi ɗan Amru (RA), lokacin da ya tsananta wa kansa da azumi da tsayuwar dare, cewa jikinsa da idonsa suna da haƙƙi a kansa. Idan an faɗi haka a kan ibada, to mai kwana a kan littafi ya fi cancanta a tunatar da shi. Allah ne Mafi sani.