Kafin A Saya Wa 'Yar Makaranta Keke

Uwargida, in maigida ya yarda zai saya wa yarinya keken zuwa makaranta, kada a aiki yaro kasuwar Wudil ran Juma'a ya turo kowane iri. A je da ita wurin mai sayarwa wanda ya iya gyara.

Ta hau sirdi, ta ɗora diddige bisa feda. In feda ta sauka ƙasa, ƙafar ta miƙe ba tare da yarinyar ta karkace ba. Yatsunta kuma su kamo birki sosai. Raleigh mai taya inci 28 na iyayenmu maza ne, ya fi ƙarfin 'yar firamare. Mai keken da ya ce ai za ta girma, ku wuce shi.

A nemi mai murfin sarƙa, kada ta cafke zane a kan gada, ga motocin shanu suna tafe.