Lasisin Windows Bayan Gyaran Kwamfuta: Abin da Ɗalibi Ya Kamata Ya Sani

Gabatarwa

A daminar da ta wuce, ruwan sama ya kama ni a kan acaɓa tsakanin Azare da Gadau, ya jiƙa jakata har ya shiga cikin kwamfutata 'yar gwanjo. Babi uku na kundin digirina suna ciki. Mai gyara a Azare ya ce faifan ajiya lafiya lau yake, amma babban allon da ke cikinta, wanda suke kira bod, ya ƙone. Aka sa wani, kwamfuta ta tashi, sai ga rubutu a kusurwar dama ta ƙasa yana neman a tabbatar da lasisin Windows. Wani abokina ya ce in kawo ya “fasa” mini ita kyauta. Na ƙi, na tsaya na yi bincike. Wannan maƙala za ta bayyana abin da na gano, don amfanin 'yan'uwana ɗalibai.

Ina Lasisin Yake Zaune?

Windows ita ce babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, kuma kamfanin Microsoft yana sayar da izinin amfani da ita ne. Tun daga Windows XP a shekarar 2001 aka fara tilasta tabbatar da wannan izini ta hanyar mabuɗi mai haruffa da lambobi 25. A da, ana liƙa shi a ƙarƙashin kwamfuta. Daga Windows 8 a 2012, masu ƙera kwamfuta suka riƙa dasa shi a cikin bod. Da Windows 10 ta fito a 2015, sai kamfanin ya riƙa ajiye shaidar kowace kwamfuta a wurinsa, ya gane ta da zarar ta hau intanet.

Ke nan lasisi yana bin bod ne. Idan an canza faifan ajiya ko batir, ko an ƙara ram, yawanci ba abin da zai same shi. Amma idan an canza bod, to a wurin Windows wata kwamfuta ce daban, ko da murfinta bai canza ba.

Ire-iren Lasisi

Lasisi iri uku ne muka fi cin karo da su. Na farko shi ne wanda ya zo da kwamfuta daga masana'anta. Wannan ba a ɗauke shi zuwa wata. Na biyu shi ne wanda mutum ya saya da kansa. Ana iya mayar da shi kan sabuwar kwamfuta, muddin an cire shi daga tsohuwar. Na uku shi ne na ma'aikatu, wanda wani nau'insa ke buƙatar sabuntawa daga na'urar ma'aikatar cikin kowane kwana 180. Wannan ne ya sa wasu kwamfutocin gwanjo ke aiki lafiya na 'yan watanni, daga baya su fara kuka. Don sanin irin naka, danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta slmgr /dli. OEM na nufin na farko, RETAIL na biyu, VOLUME kuwa na uku.

Matakan da Za a Bi

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Kafin ka kai gyara, kwafe ayyukanka a filashi, ka duba ko Windows ɗinka Home ce ko Pro, sa'annan ka shiga kwamfutar da asusunka na Microsoft. Tun 2016 ake iya ɗaure lasisi da wannan asusu. Bayan gyara, hau intanet, ka shiga Settings, ka nemi Activation, ka danna Troubleshoot, ka zaɓi layin da ke cewa ka canza wani sashe na na'urar kwanan nan. Mai mabuɗin da ya saya kuma yana iya sake shigar da shi a nan.

Ni nawa irin na farko ne, don haka ya tafi da tsohon bod. Sai dai bod ɗin da aka sa mini, wanda aka ciro daga wata kwamfutar, yana ɗauke da mabuɗin Home, alhali Pro ce a kan faifaina. Shi ya sa suka ƙi jituwa. Na kwashe babobina, aka sake ɗora Home, ta tabbatar da kanta ba tare da na biya ko kwabo ba. Abin da ya rage shi ne mayar da allon rubutun Hausa, domin ni da na koyi Hausa a makaranta, ba na wasa da ƙ da ɗ da ɓ.

Kammalawa

Kwamfutar da ba a tabbatar da lasisinta ba tana ci gaba da aiki, saboda haka babu dalilin gaggawa. Manhajojin fasa lasisi kuwa haramtattu ne, kuma sukan shigo da ƙwayoyin cutar kwamfuta masu lalata ajiya. A tuna kuma Microsoft ya daina kula da Windows 10 ga yawancin jama'a a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Mai shirin sayen kwamfuta ya tambayi mai shago irin lasisin da ke kanta, da kuma ko za ta ɗauki Windows 11, tun kafin ya miƙa kuɗinsa.