Tsohuwar Motar Soja da Birkin Zamani: Kafin Ka Cire Dirom Ka Sa Faifai

Duk wanda ya taɓa tuƙa tsohuwar Land Rover ta soja, irin waɗanda ake saya a gwanjo a mayar da su motar gona ko ta dakon kaya, ya san halinta. Tafiya ba ta ba ta wuya. Ta hau dutse, ta keta yashi, ta faɗa rafi ruwa har bakin ƙofa ta fito. Tsayawa ce aiki. Da ta fito daga ruwan nan direba ya taka birki, sai ya ji feda na nan da taurinta amma mota na tafiya abinta, ko kuma ta fizge sitiyari zuwa gefe guda. Tsofaffin direbobi suna da dabararsu: ƙafar dama a kan totur, ta hagu a kan birki, a yi ta jan motar a haka har birkin ya bushe. Dabara ce mai kyau idan babu garken shanu a gabanka.

Wannan ne ya sa masu irin motocin ke sha'awar cire birkin dirom su sa na faifai, wanda makanikai ke kira dis. Tunanin bai da laifi, sai dai aikin ya fi yadda ake zato zurfi.

An fara ƙera Land Rover a 1948 a Solihull ta ƙasar Ingila, kuma tun daga ta farko har zuwa Series III da aka daina yi a 1985, dirom ne a ƙafafunta huɗu. Har da samfurin soja da ake kira Lightweight, wadda ta fara aiki a 1968, aka ƙera ta yadda jirgi mai saukar ungulu zai iya ɗaga ta. Yawancin gajerun motocin suna da dirom mai faɗin inci 10, dogayen kuwa inci 11. Ba don babu birkin faifai a duniya ba ne. Tun 1902 Frederick Lanchester ya yi rajistar ƙirarsa a Ingila, a 1953 motar Jaguar ta ci tseren Le Mans da shi, a 1955 kuma Citroën DS ta shigo da shi kasuwa. Kamfanin Land Rover kansa ya sa wa Range Rover faifai tun 1970, amma motar aiki ba ta samu ba sai 1983 da aka fito da samfurin 110. Ko a ita ma, gaba kaɗai aka sa wa faifai, aka bar dirom a baya har kusan shekara goma. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Dirom tukunyar ƙarfe ce da aka kifa, tana juyawa tare da taya. A cikinta akwai takalma biyu masu siffar jinjirin wata, su ne shu. Idan aka taka birki, man birki ya tura su su buɗe su dafe cikin tukunyar. Yana da wata baiwa: juyawar dirom ɗin kanta tana ƙara cusa shu a jikinsa, don haka ƙafar direba ba ta buƙatar ƙarfi mai yawa. Aibinsa shi ne rufaffe ne. Abin da ya shiga ba ya fita da wuri, zafi ne, ruwa ne, ko laka.

Ka tsaya a gareji ranar da aka kwance dirom ɗin motar da ta yi damina a ƙauye. Bakanike zai bubbuga da guduma, ya girgiza, ya ja, sai tukunyar ta fito da busasshiyar laka dunƙule-dunƙule. Shu ɗaya ya cinye har ƙusa ta fito tana zana layi a jikin ƙarfe, ɗayan kuma ya yi baƙi ƙirin yana sheƙi, saboda sil ya mutu man giya ya tsiyayo ya jiƙa shi. Ƙafar nan ta daɗe ba ta kama komai, mai mota bai sani ba, yana dai ƙorafin cewa motarsa na ja gefe. (Idan ka ga yaron gareji zai hure ƙurar nan da iska, hana shi. Tsofaffin shu da yawa da asbestos aka yi su, kuma ƙurarsa na lalata huhu. A jiƙa a goge.)

Inda dirom ya fi ba da tsoro shi ne doguwar gangara. Birki ba ya yin komai illa mayar da gudun mota zafi, kuma idan gudu ya ninka biyu, zafin ninkawa huɗu yake yi. Ka ɗauki mota cike da buhuna tana saukowa daga tsaunin Mambila, inda har yau tsofaffin Land Rover ke aikin da jakuna suka gaza. Kwana bayan kwana ana taka birki, tukunya ta yi zafi ta buɗe, ta yi nesa da shu, feda ta riƙa nutsewa ƙasa. Shu ɗin ma idan ya gasu santsi yake yi. A nan ne za ka ji an ce birki ya shanye. Akwai kuma wani sirri a doguwar motar: an jera shu na gaba yadda duka biyun za su kama sosai idan ana tafiya gaba, sakamakon haka idan mota ta mutu a kan hawa ta fara silalowa da baya, birkin gaban nan rabin aiki ma da ƙyar yake yi.

Faifai kuwa a fili yake. Kamar ka kama faifan zabori yana juyawa da yatsu biyu, haka kalifa ke matse shi da fad ta kowane gefe. Iska na kaɗa shi, ruwa da laka yana watsar da su cikin juyi kaɗan, idan ya yi zafi ya kumbura ƙara matsowa kusa da fad yake yi. Ba ya buƙatar a riƙa shiga ƙarƙashin mota da sifana ana saita shi, kuma gaba da baya duk ɗaya ne a wurinsa.

Sai dai kada a ruɗi kowa. A busasshiyar kwalta, a taku guda, dirom mai lafiya da aka saita daidai yana iya kulle taya tsaf, kuma da zarar taya ta kulle, tsayawa ta koma hannun roba da titi. Mai suɗaɗɗiyar taya ko faifan zinariya ya sa ba zai tsaya ba. Ribar faifai ita ce taku na ashirin ya zama kamar na farko.

To, aikin kansa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauka ƙafa kawai za a taɓa. A je kasuwar kayan gyara a tsinto faifai da kalifar wata mota, a kai wa mai walda ya haɗa ƙarfen da zai riƙe ta, a ɗaura. Wannan ƙarfen shi ke ɗauke da duk ƙarfin tsayar da motar da kayan da ke cikinta. Ba wurin gwajin walda ba ne. Akwai kamfanoni a Turai da ke yin cikakken saiti musamman don waɗannan motoci, wasu da kalifa da fad irin na Land Rover Defender, abin da ke sauƙaƙa samun canji daga baya.

Daga nan sai masta, wato famfon da ke tura man birki idan aka taka feda. Kalifa ta fi ƙananan silindojin dirom shan mai, don haka tsohuwar masta kan kasa cika ta, feda ta yi nisa kafin ta kama. Wasu mastocin dirom kuma suna da ɗan bawul da ke riƙe ragowar matsi a cikin bututu; idan aka bar shi a layin faifai, fad ba zai saki ba, sai ka ji ƙauri bayan 'yar tafiya. Tunda faifai ba shi da baiwar nan ta dirom ta taimakon kai, dole a nemo masa busta, mai ƙara wa takun ƙafa ƙarfi, in ba haka ba ƙafa za ta gaya wa mutum. Injin fetur yana ba busta zuƙar iskar da yake buƙata, na dizal sai an yi masa tanadi daban. Motar da ke da layin mai guda ɗaya, a yi amfani da damar a mayar da shi biyu, yadda in bututu ɗaya ya fashe ƙafa biyu za su rage. A gwada rim tun kafin a kashe kuɗi, don wasu tsofaffin rim na goga kalifa. Birkin hannu bai shiga lissafi ba, na Land Rover a bayan giya yake, yana kama farfela.

Mu koma ga abin da na ce a riƙe. Idan mota ta ci birki nauyinta gaba yake komawa, ƙafafun gaba ke yin mafi yawan aikin. Idan baya ya fi ƙarfi ya riga kullewa, musamman motar ba kaya, gindinta zai juyo ya wuce kanta. Shi ya sa nake ganin sa faifai a baya ɓarnar kuɗi ce ga yawancin mutane, wani lokacin ma jawo wa kai haɗari. Injiniyoyin da suka ƙera motar sun yi shekaru da faifai a gaba da dirom a baya, hankalinsu kwance.

Bayan an gama a canza tiyo duka, a zuba sabon man DOT 4, a fitar da iska sosai. Man birki na shan danshi: sabo sai zafi ya kai digiri 230 yake tafasa, wanda ya sha ruwa kuwa yana iya tafasa tun a 155, don haka a sauya shi duk shekara biyu. A fita fili inda ba kowa a gwada, da kaya da babu kaya. Tsofaffin dirom ɗin kuma a adana su, masu tara tsofaffin motocin soja sun fi son mota da kayanta na asali.

Mai motar da ba ta wuce gona da kasuwar ƙauye a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ya sayi sil da shu masu kyau, ya riƙa saita dirom ɗinsa, ya ishe shi. Mai hawa tsauni da ratsa rafi da lodi, ya sa faifai a gaba. Amma idan kuɗinka bai kai ka haɗa da masta da busta ba, malam, bar dirom ɗinka tukuna har ka tara.