Biyayyar Almajiri A Bakin Gadar Yakité

Da safiyar Litinin, 30 ga Nuwamban 2015, wani tsoho ɗan shekara 78 mai farar riga ya shiga unguwar Kilomita Biyar ta Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. A wancan lokaci ko mai bindiga a kafaɗa da ɗar-ɗar yake leƙa unguwar. An girke sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya har bisa hasumiyar masallaci, kuma tun kafin tafiyar, Faransa ta yi kashedin cewa ba ta da tabbas a kan tsaron baƙon. Fafaroma Francis bai fasa ba. Ya isa babban masallacin Koudoukou, Liman Tidiani Moussa Naibi ya tarbe shi, ya cire takalmi, ya tsaya shiru a gaban alƙibla da kansa a sunkuye. Da ya fito ya nufi filin wasa na Barthélemy Boganda, matasan unguwar da suka yi watanni ba su iya fita ba suka rufa masa baya a kan babura.

An yi ta rubutu a kan jarumtar wannan rana. Sai dai wanda ya san harshen cikin gida na ikkilisiya zai ce maka su da wani suna suke kiran irin wannan aiki: biyayya. Kilomita Biyar, da unguwannin bakinta irin su Yakité, na daga cikin wuraren da aka gwada ma'anar wannan kalma da jini a zamaninmu.

Unguwar da gada ta zama iyaka

Sunan unguwar daga tazararta ya samo asali, domin kilomita biyar ne tsakaninta da tsakiyar birni. A takarda PK5 ake rubutawa, a baki kuwa za ka ji ana cewa Sank Kilo. Nan ce cibiyar kasuwancin Bangui, inda Hausawa da Fulani da Barebari da Larabawan Chadi da 'yan Senegal da Mali suka kafa shaguna tun zamanin mulkin Faransa, suna zaune ƙofa da ƙofa da Kiristoci 'yan ƙasa, ana ciniki da Sango da Faransanci da Hausa.

A ranar 24 ga Maris ɗin 2013 'yan tawayen Seleka suka kama Bangui, suka kori Shugaba François Bozizé, Michel Djotodia ya hau mulki. Kwasar ganima da kashe-kashen da mayaƙansu suka yi sun haifar da 'yan anti-balaka, waɗanda suka afka wa birnin ranar 5 ga Disamban shekarar, suka mayar da kowane Musulmi abokin gaba ko bai taɓa riƙe sanda ba. Dubban mutane suka hau manyan motoci zuwa Chadi da Kamaru. Waɗanda suka rage, kimanin 15,000, suka cure a Kilomita Biyar. Kiristocin yankin su ma suka watse, da yawansu zuwa sansanin filin jirgin saman M'Poko. Gadar Yakité, wadda a da mai tura kura ke ƙetarewa bai ko ɗaga kai ba, ta zama iyaka tsakanin mu da su.

Almajiri da jin magana

Lokacin da aka kammala fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa a 1932, kalmar da aka ɗauka domin mabiyan Yesu Almasihu ita ce almajirai, kuma ita ake amfani da ita har yau. Zaɓin ya dace. Almajiri a wurin Bahaushe shi ne wanda ya bar gidan ubansa ya tafi gaban malam, ya daina zaɓa wa kansa lokacin kwanciya da na tashi, ya miƙa ragamarsa ga wani domin abin da ya fi cikinsa. Haka labarin masuntan Galili yake a cikin Linjila: an kira su, suka bar taru da jirgi suka bi.

A aƙidar Kirista, ƙololuwar biyayya tana cikin gonar Getsamani, daren da za a kama Almasihu. Linjila ta nuna shi cikin ƙunci, yana roƙon a ɗauke masa abin da ke tafe, sannan ya ajiye abin da ransa ke so ya karɓi abin da Allah ya nufa. A nan malaman Kirista suka gina koyarwarsu cewa babban abokin gaban almajiri yana cikin ƙirjinsa, wato son zuciya. Mai karatu Musulmi ba baƙo ba ne ga wannan magana, tun da sunan addininsa ma miƙa wuya yake nufi, kuma duk wanda ya zauna a zawiyya ya ji yadda ake horon muridi a kan yaƙi da zuciya.

Akwai wani abin sha'awa a cikin kalmar kanta. A Latin, harshen tsohuwar ikkilisiyar Roma, kalmar biyayya ta fito ne daga kalmar ji. Dokar da Benedict ya rubuta wa masu zuhudu a ƙarni na shida ma da umarnin sauraro ta buɗe. Bahaushe ya riga ya isa wannan wuri da kansa. Yaron kirki shi ne mai jin magana, gagararre kuma an ce ba ya ji, ko yana da kunnen ƙashi. Ashe biyayya al'amarin kunne ce kafin ta zama ta ƙafa. Tambayar ita ce, muryar wa kake ji?

Waɗanda suka ji, da abin da ya biyo baya

Limaman Katolika 'yan ƙungiyoyin zuhudu suna ɗaukar alkawura uku: talauci, da zama ba aure, da biyayya. Na ukun yana nufin ba kai ke zaɓar garin da za ka yi aiki ba. Dieudonné Nzapalainga, ɗan yankin Bangassou da aka haifa a 1967, ɗan ƙungiyar Ruhu Mai Tsarki ne, wadda limamanta suka kafa mishan na Saint Paul a bakin kogin Ubangi a 1894. Ya yi shekaru yana aiki a Marseille ta Faransa kafin ya koma gida. A 2009, bayan murabus ɗin babban bishop na Bangui, wanda ya jawo har limaman ƙasar suka yi shelar yajin aiki, aka ɗora masa riƙon ikkilisiyar birnin yana da shekara 42, aka tabbatar da shi a 2012. Wato ko a cikin gida, biyayya ba abu ne da ake haɗiyewa kamar ruwa ba.

A Disamban 2013, da rayuwar Imam Omar Kobine Layama, shugaban al'ummar Musulmin ƙasar, ta shiga haɗari, Nzapalainga ya ɗauke shi da iyalinsa ya sauke su a gidansa, suka zauna watanni. A duba wannan da idon mazaunin birnin a wannan wata. Mabiyanka suna binne 'yan uwansu da Seleka ta kashe, ran kowa a ɓace, kai kuma ga liman yana alwala a tsakar gidanka, kuna cin abinci a teburi ɗaya. Su biyun, tare da Fasto Nicolas Guerekoyame-Gbangou na gamayyar ikkilisiyoyin bishara, suka riƙa zagaya ƙauyuka a mota ɗaya suna faɗa wa mutane cewa wannan yaƙin ba na addini ba ne.

Can a Bossemptélé, arewa maso yamma da Bangui, akwai Fada Bernard Kinvi, ɗan ƙasar Togo, mai kula da asibitin mishan. Ƙungiyarsa, wadda Camillus de Lellis ya kafa a ƙarshen ƙarni na 16, tana da alkawari na huɗu a kan ukun nan: hidimar mara lafiya ko da za ta kai ga rasa rai. A Janairun 2014 anti-balaka suka shiga garin. Kinvi, cikin baƙar rigarsa mai jan gicciye a ƙirji, ya riƙa bin lunguna da daji yana tattaro waɗanda suka tsira, yana ɗaukar masu rauni, yana binne gawawwaki. Musulmi kimanin 1,500 suka samu mafaka a harabar mishan ɗin, har aka samu hanyar fitar da su zuwa Kamaru. Alkawarin da ya ɗauka a lokacin zaman lafiya, a gaban bagadi, shi ne ya zo karɓar bashinsa a wannan wata. Irin haka Fada Xavier Fagba ya yi a Boali da ɗaruruwan mutane a cikin cocinsa, Bishop Juan José Aguirre kuma a Bangassou a 2017 da kimanin mutum 2,000.

Bin na gaba

A nan ne ya kamata a tsaya a yi wa kai gaskiya. Hausawa na cewa bin na gaba bin Allah. Maganar tana da gurbinta, amma an sha fakewa da ita a yi ɓarna. Yaran da suka tsaya a shingen hanya da adda a hannu da layu a wuya su ma masu biyayya ne. An ce su tare, sun tare. An ce su sara, sun sara. Haka matasan da suka ɗauki bindiga a cikin Kilomita Biyar da sunan kare kai, daga baya suka koma karɓar haraji a hannun 'yan kasuwar da suka ce suna karewa. Kowannensu yana da na gaba.

Bambancin yana wurin abin da biyayyar ta ci maka. Kwamandan da ya ce ka je ka rama bai nemi ka bar son zuciyarka ba, shi ya ba ta lasisi. Abin da ranka ke so ke nan tun farko, ya sa masa suna umarni. Umarnin da Kinvi da Nzapalainga suka bi kuwa ya saɓa wa tsoronsu, ya saɓa wa fushin mutanensu, har ya jawo musu zargin cin amana daga nasu. Littafin Ayyukan Manzanni ya kawo yadda Bitrus ya tsaya gaban majalisa ya fifita bin Allah a kan bin mutane. Dietrich Bonhoeffer, malamin Jamus da ya wallafa littafi a kan tsadar almajiranci a 1937, ya ƙi bin gwamnatin Hitler, aka rataye shi a Afrilun 1945. Mai biyayya ta gaskiya yakan zama shi ne mutum ɗaya tilo a cikin taro da ke iya cewa a'a.

Kuma son zuciyar da ake nema a yanka ba na mutum shi kaɗai ba ne. Akwai na jama'a, wanda ya fi wuyar ganewa saboda yana zuwa da rigar kishin addini da kishin dangi. Mutum zai iya barin giya da caca, ya yi azumi, amma idan aka ce an taɓa namu sai ka ga ashe bai ajiye komai ba.

Fatima

Cocin Notre-Dame de Fatima, wadda limaman Comboni ke kula da ita, tana dab da Kilomita Biyar. Ranar 28 ga Mayun 2014 'yan bindiga suka afka mata tana cike da 'yan gudun hijira, suka kashe mutane har da wani tsohon limami, Paul-Émile Nzale. Ranar 1 ga Mayun 2018 aka sake, ana tsakiyar sujada, da harsashi da gurneti. Aƙalla mutum 16 suka mutu a ranar, cikinsu da Fada Albert Toungoumalé-Baba, mutumin da aka sani da aikin sulhu. Jama'a cikin fushi suka ɗauki gawarsa suka nufi fadar shugaban ƙasa. Kafin rana ta faɗi an far wa masallaci a unguwar Lakouanga, an kashe mutanen da ba su ji ba ba su gani ba.

Nzapalainga, wanda a lokacin ya zama kadinal tun Nuwamban 2016, ya fito ya roƙi mabiyansa kada su rama. Wasu sun ji, wasu ba su ji ba. Gawar mai wa'azin sulhu ce aka ɗauka a kafaɗa, amma muryar da aka bi a wannan yammaci ba tasa ba ce. Ramuwar gayya ta fi gayya zafi, in ji masu magana, kuma ba a taɓa jin ta mayar da wanda ya mutu ba.

Mu da muka ga rikicin Kaduna a 2000, muka ga na Jos a 2001 da 2008, mun san irin waɗannan gadoji. Mun san unguwar da mai acaba zai tsaya ya ce iyakata ke nan. Mun kuma san Malam Abubakar Abdullahi, limamin ƙauyen Nghar a Barikin Ladi, wanda a Yunin 2018 ya ɓoye Kiristoci fiye da 200 a masallacinsa da gidansa, ya fita ya tsaya gaban maharan da suka biyo su. Da shi da Kinvi ba su haɗa littafi ba, amma kowannensu ya ji umarni ɗaya a kan ran ɗan Adam, ya bi shi a ranar da bin ke da tsada.

Barthélemy Boganda, limamin Katolika na farko ɗan ƙasar kuma uban 'yancinta, ya bar wa mutanensa taken nan na Sango, zo kwe zo, wato kowane mutum mutum ne. Faɗarsa a filin taro ba wuya. Imam Kobine Layama ya rasu a Nuwamban 2020, kuma cikin waɗanda rashin ya fi taɓawa har da mai masaukinsa na Disamban 2013. Kasuwar Kilomita Biyar ta sake cika, ana ƙetare gadar Yakité da buhu a ka da kuɗi a aljihu. Wanda ke sunkuyar da kai a coci ranar Lahadi yana cewa ya miƙa nufinsa ga Ubangiji, ba a cikin cocin za a san gaskiyarsa ba. Sai ranar da aka kwankwasa masa ƙofa da tsakar dare, ya leƙa ya ga maƙwabcinsa daga wancan ƙetaren gada da 'ya'yansa a baya, kuma a ƙarshen layi yana jin muryoyin nasa mutanen suna matsowa.