Shin Ko Kun San? Itanol Ko Fetur Mai Daraja: Wanne Ya Dace Da Motar Da Aka Ƙara Wa Ƙarfi?

A Amurka da Turai da Brazil, masu sha'awar motocin gudu ba sa barin mota yadda ta fito daga kamfani. Sukan kai ta wurin gwanin saiti, ya sauya lissafin kwamfutarta, ya ƙara wa turbo matsin iska, a fitar da ƙarfin da kamfani ya ɓoye. Da an gama, sai muhawara ta tashi a bakin famfo: fetur mai daraja za a zuba mata, ko wanda aka cakuɗa da itanol? Ga abubuwan da ya kamata a sani kafin a buɗe tanki.

Shin ko kun san cewa itanol shi ne sinadarin da ke sa maye a cikin barasa? Daga masara ake yin mafi yawansa a Amurka, a Brazil kuma daga rake. Wanda ake kai wa gidajen mai a Amurka sai an gauraya shi da ɗan fetur tukuna, don kada wani ya yi tunanin sha. Lambar da ke bin harafin E tana nuna kasonsa a cikin mai: E10 kashi 10 ne cikin 100, E30 kashi 30, haka har zuwa E85.

Shin ko kun san cewa lambar oktan ba ta auna ƙarfin mai? Haƙurinsa take aunawa. A cikin silinda, fistin yakan matse mai da iska, fulogi ya ba da wuta, wutar ta bazu a tsanake. Idan matsi da zafi suka fi ƙarfin man, sai ragowarsa ya fashe da kansa tun wutar fulogi ba ta iso gare shi ba. Wannan fashewar ce ake ji kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, ita ake kira ƙwanƙwasar inji. In ta yi tsanani tana tsaga fistin, ta kai ga abin da makanikai ke cewa inji ya buga. Man da oktan ɗinsa ya fi yawa shi ya fi jure matsi kafin ya fashe, irin wannan fetur ɗin ake kira mai daraja.

Shin ko kun san cewa lamba 93 a Amurka ta yi daidai da kusan 98 a Turai? Ma'aunin ne ya bambanta. Turai da yawancin duniya suna rubuta sakamakon gwaji guda, wanda ake kira RON. Amurka da Kanada kuwa sukan haɗa sakamakon gwaji biyu su raba gida biyu, shi ya sa lambarsu take fitowa ƙasa da maki huɗu zuwa shida. Wanda ya sayi saitin da aka rubuta don mai lamba 93 na Amurka, ya zuba 93 na ma'aunin RON, ya ba injinsa abin da bai kai ba.

Shin ko kun san cewa tsantsar itanol tana kaiwa kusan 108 a ma'aunin RON? E85 ma yakan haura 100. Wannan ne ya sa masu saiti suke ƙaunarsa: yana ba su damar ƙara matsin turbo da gaggauta lokacin wutar fulogi ba tare da inji ya fara ƙwanƙwasa ba. Kafin yaɗuwarsa, mai son irin wannan haƙuri sai ya sayi man tsere na musamman, wanda ake sayarwa a duro da tsada.

Shin ko kun san cewa itanol yana sanyaya inji daga ciki? Duk ruwan da zai zama tururi sai ya zuƙi zafi, kamar yadda randa take sanyaya ruwa ta hanyar tsattsafowar jikinta. Itanol yana zuƙar zafin da ya ninka na fetur fiye da sau biyu. Iskar da ta yi sanyi ta fi cunkushewa a silinda, kuma ba ta saurin jawo ƙwanƙwasa. Injin turbo, wanda zafi ne babban abokin gabarsa, shi ya fi kowa cin moriyar wannan.

Shin ko kun san cewa kamfanonin mota da kansu sun nuna bambancin a fili? Motar Saab 9-5 BioPower ta Suwidin, wadda ta fito a 2005, tana ba da ƙarfin doki 150 da fetur, 180 da E85. Dodge Challenger Demon 170 ta 2023 tana ba da 900 da fetur mai daraja, 1,025 da E85. Koenigsegg Jesko kuwa daga 1,280 take tsallakawa zuwa 1,600. Inji ɗaya ne a kowace, amma an gina shi ne da sanin cewa zai sha nau'i biyu, kwamfutarsa kuma tana da lissafin kowanne.

Shin ko kun san cewa duk da haka lita ɗaya ta itanol ba ta kai lita ɗaya ta fetur kuzari ba? Ta gaza da kusan kashi ɗaya cikin uku. Fetur yana ƙonewa daidai ne idan an haɗa awo 14.7 na iska da awo ɗaya na mai. Tsantsar itanol awo 9 na iska kawai take bukata, E85 kuma kusan 9.8. Ma'ana, don iska iri ɗaya sai an ƙara feso mai da yawa. Motar da ta koma E85 takan sha ƙarin kusan kashi 30 cikin 100, tafiyar da tanki ɗaya ke yi ta ragu sosai.

Shin ko kun san cewa direbobin Brazil suna da lissafin da suke yi a bakin famfo? Idan farashin itanol bai kai kashi 70 cikin 100 na farashin fetur ba, sai su zuba itanol. In ya haura, su koma fetur. Sun daɗe da sanin abin: gwamnatinsu ta ƙaddamar da shirin Proálcool a 1975 bayan tashin farashin ɗanyen mai, Fiat 147 mai shan itanol zalla ta fito a 1979, sannan Volkswagen Gol mai shan kowanne ta biyo baya a 2003. Arahar lita kaɗai ba ta isa hujja ba, kuɗin kilomita ake dubawa.

Shin ko kun san cewa E85 ba kullum yake kashi 85 ba? Ƙa'idar Amurka ta yarda ya kasance tsakanin kashi 51 zuwa 83, kuma lokacin hunturu ake rage shi, saboda itanol ba ya saurin zama tururi a cikin sanyi, mota ta ƙi tashi da safe. Tsofaffin motocin itanol na Brazil ma ɗan ƙaramin tankin fetur ake yi musu a gaba don tayar da inji ranar sanyi. Motar da aka saita a kan kashi 80 ta sha mai kashi 55, haƙurin da aka yi lissafi da shi ya ragu. Shi ya sa gogaggu suke yawo da 'yar kwalbar gwaji, ko su sa na'urar da ke auna kason itanol ta sanar da kwamfuta nan take. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Shin ko kun san cewa da yawa ba sa kaiwa E85, a E30 suke tsayawa? A sababbin motocin da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda, famfon matsi yana da iyakar abin da zai iya turawa. E30 yana ba da kaso mai tsoka na amfanin itanol ba tare da ya gajiyar da famfon ba. Haɗin ma mai sauƙi ne: a tanki mai lita 60, lita 16 ta E85 cikakke da lita 44 ta E10 suna ba da kashi 30 daidai. Amma in E85 ɗin kashi 70 ne, haɗin zai tsaya a kashi 26.

Shin ko kun san cewa kuskure iri biyu ne, kuma ɗaya ya fi ɗaya muni? Zuba E85 a motar da aka saita don fetur yana sa mai ya yi ƙaranci a cikin iska: mota ta riƙa shaƙewa, fitilar gargaɗi ta kunnu, kuma in nozul ɗin fesa mai da famfonsa ba su iya cike giɓin ba, taka ta da ƙarfi haɗari ne. Zuba fetur a motar da aka saita don E85 kuwa ya fi haka illa, domin matsin turbo da lokacin wuta duk an tsara su ne a kan haƙurin da fetur ba shi da shi. Taku ɗaya mai ƙarfi ya isa ya lalata inji.

Shin ko kun san cewa itanol yana jan ruwa daga iska? Idan mota ta daɗe a ajiye, laima ta taru, ruwa da itanol sukan rabu da fetur su kwanta a ƙasan tanki, daidai inda famfo yake zuƙa. Yana kuma cin tsohuwar roba da tiyo da wasu ƙarafa a motocin da ba a ƙera don shi ba. Da Birtaniya ta mayar da E10 man yau da kullum a Satumban 2021, ta bar E5 mai daraja a kasuwa saboda tsofaffin motoci. Mai amfani da E85 kuma gara ya riƙa sauya baƙin mai da wuri, musamman in gajerun tafiye-tafiye yake yi, domin E85 ɗin yakan zurara cikinsa ya tsinka shi.

Shin ko kun san cewa fetur mai daraja ba ya ƙara wa kowace mota ƙarfi? Injin da aka ƙera don fetur na gama-gari, ba a taɓa saitinsa ba, ba shi da abin da zai yi da ƙarin oktan. Wanda aka rubuta masa mai daraja kuwa, in aka ba shi na ƙasa, na'urar sauraren ƙwanƙwasa za ta sa kwamfuta ta jinkirta wuta don kare shi, ƙarfi ya ragu.

Shin ko kun san cewa batun ya taɓo mu a Najeriya? Daga cikin motocin da ake shigowa da su daga Amurka akwai masu murfin tanki rawaya ko tambarin FlexFuel a baya. Alama ce ta cewa suna shan fetur ko E85 ko haɗinsu, kuma fetur ɗinmu ba ya hana su tafiya. Wadda ya kamata a yi hattara da ita ita ce motar gudu da tsohon mai ita ya saita don E85 kaɗai kafin ya sayar. Haka nan kada a rikita itanol da metanol. Metanol ne ya yi yawa a fetur ɗin da aka shigo da shi Najeriya a farkon 2022, wanda aka janye daga kasuwa har layukan mai suka cika Legas da Abuja.

To, wanne za a zaɓa? Mai motar turbo da ke da E85 a kusa da shi, wanda ya sauya nozul da famfo da tiyo, ya sa na'urar auna itanol, ya kuma samu gwanin saiti, zai samu ƙarfin da fetur na gidan mai ba zai ba shi ba. Mai doguwar tafiya, ko mai barin mota a ajiye wata da watanni, ko wanda bai da tabbacin abin da zai samu a gidan mai na gaba, fetur mai daraja da saiti mai sassauci ya fi masa kwanciyar hankali. Ba girin-girin ba, ta yi mai: kafin ka tambayi dawakai nawa motarka za ta ba ka, tambayi mai saitin a kan wane mai ya yi lissafinsa, sannan ka tabbata shi ne a cikin tankinka.